Dawanau: Koken Da Ba Ya Isa Majalisa

Da hantsi a layin 'yan wake na kasuwar Dawanau, tirela ta gama shan lodi. 'Yan dako sun sauko suna karkaɗe ƙura, yaran mota na jan tamfol suna ɗaure igiya. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zaro damin rasit da ya ɗaure da roba, na zuwansa Kudu na baya, ya miƙa wa mai kaya. Akwai fari, akwai shuɗi, akwai ruwan hoda. Wani da tambarin jiha, wani da na ƙaramar hukuma, wani kuwa sunan wata ƙungiya ce da ba wanda ya taɓa jin labarinta.

"Alhaji, duba da idonka, kada a ce ni na ƙara. Wannan ban da na waɗanda ba sa ba da takarda."

Alhajin ya jujjuya su, ya yi tsaki. "Allah ya isa. Baba, Allah ya kiyaye hanya."

Dillalin da ke gefe ya ce maganar nan sai an kai ta rediyo. Wani ya ce ai an sha kaiwa. Aka yi dariya, hira ta koma kan farashin riɗi, rasit ɗin kuwa aka cusa su a ƙarƙashin tabarmar rumfa, inda za su zauna har ranar da yaro zai yi shara.

Ba a rasa masu kuka a Dawanau, kuma kukan nasu na gaskiya ne. Ana yin sa a rumfa, ana yin sa a ƙofar masallaci bayan la'asar, ana buga waya a shirin Inda Ranka na gidan rediyon Freedom a yi shi kowa ya ji. Wurin da ba kasafai ake kai shi ba shi ne inda ake rubuta dokar da ta haifar da shi, kuma a sigar da wurin yake karɓa, wato takarda mai sa hannu, mai hujja, mai buƙata guda da aka fayyace. Laifin wannan ya rabu biyu, rabi na majalisa, rabi na masu kukan.

1. Kasuwar da kowace doka ke biyowa ta kanta

Dawanau tana ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, kuma tun kafa ta a tsakiyar shekarun 1980 ta bunƙasa har ana kiranta kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa suna shigowa daga ko'ina a Arewa da Jamhuriyar Nijar, su fita zuwa Legas da Anacha da Fatakwal da ƙasashen maƙwabta. Riɗi da zoɓo da citta su kuma ƙetare suke nufa. Kewaye da ita gonakin Tumfafi ne da Kwa da Ɗan Guguwa da Ganduje, ƙanana, manne da juna, ba a barin saura, kowace shekara sai an zuba taki an sake nomawa. Magidancin da ke da irin wannan gona ba ya iya dogara da ita kaɗai. Da rani shi ne ɗan dako, shi ne mai ɗinkin buhu, matarsa ko 'yarsa na cikin masu tsince zoɓo a sito. Duk abin da ya taɓa kasuwa ya taɓa tukunyarsa.

A duba abin da ya same ta cikin ƙasa da shekara biyu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. A ƙarshen Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Nijar har zuwa farkon 2024. Kafin tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Da yunwa ta yi tsanani aka shiga neman mai laifi, ido kuma ya faɗa kan Dawanau. A Fabrairu 2024 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta garƙame manyan sito kusan goma bisa zargin ɓoye abinci. Shugabannin kasuwa suka musanta, suka ce wurin tara kaya ne kafin a yi lodi, daga baya aka buɗe. A watan Maris shugaban Kwastam na ƙasa, Adewale Adeniyi, ya gana da shugabannin kasuwar a Kano, ya tuna musu cewa akwai dokar da ta hana fitar da wasu kayan abinci waje.

Wannan doka ta cancanci a tsaya a kanta. Ta 1989 ce, zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, kuma ta haramta fitar da wake da masara da shinkafa da rogo da doya, da hukuncin da ya kai ɗaurin rai-da-rai. Shekara da shekaru tana kwance ba mai tunawa da ita, har ta kai a 2017 Ministan Noma Audu Ogbeh da kansa ya ƙaddamar da fitar da doya zuwa Ingila da Amurka da biki, sai daga baya aka nuna masa cewa dokar ƙasa ta hana. Doka irin wannan ta fi wadda ake aiki da ita kullum haɗari, domin ba wanda ya san ranar da za a farkar da ita. Ɗan kasuwar da ya yi shekara ashirin yana aika wake Gana ko Kamaru yana iya wayar gari ya zama mai babban laifi. Ko a soke ta, ko a gyara ta yadda kowa zai san abin da aka hana da lokacin da aka hana, duk aikin Majalisar Tarayya ne. Gwamna ba shi da iko a kai, shugaban Kwastam ma haka.

Ba a tsaya nan ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da masara da alkama da shinkafa da wake ba kuɗin fito na kwana 150. A Disamba Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin hana fitar da ɗanyar masara mai yawa. Da 2025 ta shigo farashin hatsi ya faɗi, mai awo ya ɗan numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada ya tashi da asara. Duk waɗannan an yanke su a Abuja, Dawanau ta ji su a rediyo, jiki kuma ya gaya mata sauran.

2. Da aka zo gyaran haraji

Ranar 3 ga Oktoba 2024 Shugaban Ƙasa ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu na gyaran haraji, aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Arewa ta ɗauki zafi. Gwamnoninta sun taru a Kaduna a ƙarshen watan tare da sarakuna, suka yi watsi da tsarin rabon harajin VAT da aka kawo. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta ba da shawarar a janye ƙudurorin a ƙara tuntuɓa, Shugaban Ƙasa ya ƙi. Sanata Ali Ndume ya yi ta fafatawa a zauren Majalisar Dattawa, Majalisar Dokokin Kano ta fito ta ce ba ta yarda ba, malamai suka hau mumbari a kan batun gado. Sanata Barau Jibrin, Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, wanda mazaɓarsa ta Kano ta Arewa ta haɗa da Dawakin Tofa, ya sha suka a kafafen sadarwa kamar shi ya rubuta ƙudurorin.

Hayaniyar ta yi amfani, kada a raina ta. An so a ɗaga VAT daga kashi 7.5 zuwa 10, a yi ta hawa har 15 a 2030, amma aka bar shi yadda yake. An so a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda harajin ya fito, aka koma rabi a raba daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. An gyara wurin da malamai suka ji tsoron zai shafi gado. Asusun TETFund da ake shirin yanke wa kuɗi ya tsira. Shugaban Ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, aka sa 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar da manyan tanade-tanaden za su fara aiki.

Sai dai a lura da abin da aka yi faɗan a kai. Mafi yawansa rabon kuɗi ne tsakanin gwamnatoci, nawa Legas za ta samu, nawa Kano za ta samu. Mai rumfa a Dawanau ya tsaya wa gwamnansa da zuciya ɗaya, alhali harajin da ke cin sa ba shi ne VAT ba, tunda ɗanyen hatsi ba a ɗora masa VAT tun kafin sabuwar doka. Abin da ke cin sa shi ne kuɗin shiga da na fita, na lodi da na sauke, na amfanin gona da kowace jiha ke karɓa a iyakarta, da igiyar da ake gittawa a hanya. Kwamitin Oyedele da kansa ya ce harajin da hukumomi ke karɓa a ƙasar nan ya haura iri 60, ban da na bayan fage. Kuma tun 1998 akwai dokar tarayya da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta tare hanya don karɓar haraji. Kowane direban da ya bi hanyar Lakwaja ya san matsayin wannan haramci.

A ƙarshen Fabrairu 2025 kwamitocin kuɗi na majalisun biyu suka yi zaman jin ra'ayin jama'a a Abuja, na Dattawa ƙarƙashin Sani Musa, na Wakilai ƙarƙashin James Faleke. Ƙungiyoyin ƙwadago sun je, masu masana'antu sun je, akantoci da lauyoyi da ƙungiyoyin addini sun je, kowa da takardar matsayarsa, sashe kaza a cire, sashe kaza a sauya kalma kaza. A irin wannan zama ake gyara doka, layi bayan layi. A lokacin kuwa wutar da ta tashi a Arewa cikin Nuwamba da Disamba ta riga ta lafa, gwamnoni sun daidaita a kan kasonsu tun Janairu, jama'a sun koma neman na cefane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

3. Yadda ƙofar take

Da yawa ba su san cewa kowane ɗan ƙasa, ko ƙungiya, yana iya shigar da koke a majalisa ba. Majalisar Wakilai tana da kwamiti na musamman na koke-koken jama'a, Majalisar Dattawa ta haɗa nata da na ɗa'a, majalisun jihohi ma suna da nasu. Ana rubuta takarda, a faɗi abin da ya faru, a faɗi abin da ake roƙo, a sa hannu. Ɗan majalisa ne kawai zai iya gabatar da ita a zaure, daga nan a miƙa ta ga kwamiti. Kwamiti ya kira mai koke da wanda ake kuka da shi, kuma sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba majalisa ikon bincike da ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida. Maganar da ke gaban kotu ba a karɓa.

Ƙa'idojin ba wasa ba ne. A Maris 2025 an yi watsi da koken farko na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a kan Shugaban Majalisar Dattawa bisa dalilin cewa ita ta sa hannu da kanta, dokar zaure kuwa ta hana sanata gabatar da koken da ya sa wa hannu. A Maris 2021 Mataimakin Kakaki Idris Wase ya ƙi karɓar koken ƙungiyar 'yan Tibi mazauna Amurka a kan mutanensu da rikici ya raba da gidajensu, wanda ɗan majalisa Mark Gbillah ya kawo. Da aka yi ta suka, Kakaki Femi Gbajabiamila ya karɓa. Wato har ƙofar kanta takan danganta da wanda ke zaune a kujera ranar.

Ga rabon majalisa na laifi. Sashe na 55 na Tsarin Mulki ya ce za a gudanar da aikinta da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara ashirin da biyar, tanadin bai zo ba. Ƙudurin haraji ɗaruruwan shafuka ne da Turancin lauyoyi, sanarwar zaman jin ra'ayi na fitowa a jaridun da ba a sayar da su a Tumfafi, wa'adin kuma gajere. Zuwa Abuja da kwana a can kuɗin buhunan hatsi ne. Sannan ko kwamiti ya gama aikinsa zaure ya amince, abin da ke fitowa matsaya ce, ba doka ba, minista na iya sa ta a durowa ya kulle. Wanda ya ce "ɓata lokaci ne" yana da hujjarsa.

Ga kuma rabon jama'a. A je gidan kowane ɗan majalisa a Kano ranar da ya zo hutu a ga abin da ke hannun masu jira a ƙofa: takardar asibiti, katin ɗaurin aure, takardun yaro mai neman aiki, roƙon taki ko babur ko kujerar Makka. Babu abin kunya a buƙata, talauci ne ya kawo ta. Amma wakilin da aka saba roƙa kuɗi ya koyi cewa da kuɗi ake sallamar mazaɓa, kuma hakan ya fi masa sauƙi sau dubu a kan ya tashi a zaure ya ja da Kwastam ko hukumar haraji. Mutanen Dawakin Tofa da Tofa da Rimin Gado suna da kujera guda a Majalisar Wakilai, wadda Tijjani Abdulƙadir Joɓe ya ci a 2023, sanatansu kuma shi ne na biyu a Majalisar Dattawa. Mazaɓu kaɗan ne a Najeriya suka samu kusanci irin wannan da inda ake yanke magana.

4. Ƙasar nan ta san haraji

Kukan haraji a ƙasar Kano ya girmi Najeriya. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Haɓe da su a Kitabul Farƙi akwai jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a kasuwa. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su soke haraji ba, tsara shi suka yi. A gundumomin da ke kewaye da birni suka kawo awon taki, malamai su bi gona suna ƙirga takunsu, a yanka wa mai gona haraji gwargwadon faɗinta, kuma da kuɗin Bature za a biya. Wannan na cikin abin da ya tura manoma ga gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda ake shanya mutum a rana a ƙofar dagaci, ko a sayar da akuyarsa, ko ya gudu ci-rani kafin lokacin karɓa.

Waɗanda suka tsaya a kan wannan ba manyan masu ilimin boko ba ne. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta cika da teloli da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure da manoma. Sun yi waƙa, sun yi lacca, sun sha ɗauri, amma kuma sun yi rubutu. Takardun ƙara a kan dagatai da hakimai da alƙalai sun yi ta zuwa ofishin Di'o da na Razdan, wasu da boko, wasu da ajami. Da yawa ba a amsa ba, wasu ma sun jawo wa masu su wahala. Duk da haka buƙatar ta zama sananniya, gajeriya, wadda kowane talaka zai iya faɗa da baki ɗaya: a soke haraji da jangali. Shekara 29 bayan kafa NEPU, a Oktoba 1979, Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a ƙarƙashin PRP ta Malam Aminu Kano ya soke su, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna.

A Kudu ma haka aka yi. Matan kasuwar Abekuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti sun haɗa takardun koke da zaman dirshan a ƙofar fada a kan harajin da aka ɗora wa mata, har sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga karaga a farkon 1949.

5. Hatsin Ingila, burodin Kenya

Rigimar da ta fi kama da ta Dawanau a tarihin duniya ita ce ta dokokin hatsi na Ingila. A 1815 majalisar ƙasar, wadda masu manyan gonaki suka cika, ta toshe shigo da alkama mai araha don farashin tasu ya tsaya sama. Ma'aikatan birane suka sha tsadar burodi. A ƙarshen shekarun 1830 'yan kasuwa da masu masaƙu na Manchester suka kafa ƙungiyar neman soke dokar, Richard Cobden da John Bright a gaba, suka yi ta ambaliyar takardun koke a majalisa shekara bayan shekara, gari-gari, sana'a-sana'a. An soke ta a 1846 ƙarƙashin Firayim Minista Robert Peel, lokacin da yunwa ta afka wa Ayalan. Yunwar ce ta karya ƙofar, amma hujjar da aka yi amfani da ita an daɗe da tara ta a rubuce.

A shekarun nan ne kuma ma'aikata masu neman 'yancin zaɓe suka kai koke mai sa hannu sama da miliyan uku a 1842. Majalisa ta ƙi ko sauraron su, da ƙuri'a 287 a kan 49. Daga baya biyar cikin buƙatunsu shida suka zama doka, amma mafi yawan waɗanda suka sa hannu ba su ga ranar ba. Mai neman sakamako a kakar bana ba zai ji daɗin wannan labari ba.

Kenya ta nuna ɗaya fuskar. Tsarin mulkinta ya ba kowa haƙƙin kai koke majalisa a fili, an kuma yi zaman jin ra'ayi a kan ƙudurin kuɗi na 2024, har aka cire harajin da aka so sa wa burodi. Jama'a suka ga bai isa ba, majalisa ta ci gaba, ranar 25 ga Yuni matasa suka kutsa ginin, aka rasa rayuka, washegari Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa hannu ba. Bayan mako biyar Kano ta ga nata: zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta 2024 ta rikiɗe zuwa fashe-fashe, aka sa dokar hana fita, aka kama ɗaruruwa, cikinsu har da yaran da duniya ta gani suna faɗuwa a kotun Abuja a watan Nuwamba kafin a sake su. Majalisar da ke ganin takardar koke a matsayin damuwa ya kamata ta tuna abin da ke zuwa a madadinta.

6. Abin da Dawanau ke da shi a hannu

Fatake sun san ƙarfinsu. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu, cikin buƙatunta har da cire shingayen karɓar kuɗi a hanya. Kwana kaɗan tumatir da albasa da nama suka yi tsada a Legas, manya suka shiga tsakani, aka yi alkawura, aka janye a farkon Maris. Shingayen suna nan. Alkawarin baki a ɗakin taro yana tafiya da wanda ya yi shi. Abin da aka shigar a majalisa kuwa yana da kwanan wata da sunan wanda ya gabatar, ana iya tambayarsa a kai ranar da ya dawo neman ƙuri'a.

Kasuwar tana da ƙungiyar shugabanni, kowane ɓangare da nasa shugaban, tana da 'ya'yan da suka karanta lauya da akanta a Jami'ar Bayero. Tana da abin da ofisoshin Abuja ba su da shi, wato sanin nawa tirelar wake ke biya daga Kwanar Dawanau zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, a ina, ga wa, da rasit ko babu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da za a tara rasit na wata uku, a jera su bisa hanya da jiha, a haɗa da buƙata guda, misali a hukunta tare hanya kamar yadda dokar 1998 ta ce, ko a gyara dokar 1989, da an samu takardar da kwamiti zai ji nauyin watsarwa. Kuɗin kasuwa da na tasha kuwa dokar jiha da ta ƙaramar hukuma ce ke riƙe da su, Majalisar Dokokin Kano kuma tafiyar adaidaita-sahu ce daga Dawanau. Sababbin dokokin 2025 sun kuma kafa ofishin sauraron ƙorafin masu biyan haraji, wanda ba a san amfaninsa ba sai an gwada shi.

Wahalar ita ce Dawanau ba murya ɗaya ba ce, kuma ƙarya ne a ce haka take. Mai fitar da kaya yana son iyaka a buɗe. Manomin Kwa yana son masara ta yi daraja da kaka, amma shi ɗin ne zai koma mai awo da bazara idan rumbu ya ƙare, a lokacin kuma araha yake nema. Ɗan dako ba ruwansa da farashi, yawan motoci yake so. Babban mai sito da ke saye da kaka ya ajiye zuwa damina ba lallai buƙatarsa ta zo ɗaya da ta matar da ke sayen kwano guda ba, kuma idan manyan Alhazai kaɗai suka riƙe alƙalami, koken da za a kai nasu ne da sunan kowa. Gara a kai takardu uku masu saɓani, kowace da sunan masu ita, da a kai guda da aka murƙushe ƙanana a cikinta.

Wasu ba su jira ba. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta sha yin kira a hana fitar da masara da waken suya, ko a bari a shigo da su, domin abincin kajinta ya yi sauƙi. Masu injinan shinkafa da na fulawa suna da ƙungiyoyi da lauyoyi da masu bibiyar jadawalin majalisa, suna sanin ranar da ƙuduri zai shiga karatu na biyu tun kafin jarida ta buga. Buƙatarsu halal ce, kuma sun iya gabatar da ita. Duk ranar da maganar fitar da hatsi ko shigo da shi ta sake tasowa a kwamitin noma ko na kasuwanci, takardunsu za su riga kowa isa, su ne kuma 'yan kwamiti za su karanta kafin su yanke farashin da manomin Tumfafi zai sayar da masararsa.